Shayin da Jildiz Ta Cika wa Burul-apa

Wata shida ke nan da Jildiz, likitar dabbobi, ta baro Bishkek, babban birnin Kirgizistan, ta tare a wani ƙauye cikin duwatsun Narin, amma har yau ba wanda ya taɓa yi mata ko tsawa. Abin yana yi mata ciwo ƙwarai.

Ubanta ɗan Mali ne da karatu ya kawo, uwarta 'yar Kirgiz. Fata ta uba ce, sauran duk na uwa. Amma duk gidan da ta shiga sai a kai ta mazaunin manyan baƙi, a turo mata kitsen jelar rago, a riƙa ɗaga murya kamar ana magana da kurma. In ta amsa da harshen da aka goya ta da shi, sai a tafa: "Kai, kamar 'yar ƙasa!"

Ga kuma Burul-apa, tsohuwar da ba macen da ba ta wanke tas ba a ƙauyen. Jildiz kaɗai take yi wa murmushi. Wallahi har kishin masu shan zagin nan take yi.

Ranar bikin sa jikar tsohuwar a shimfiɗar jarirai, Jildiz ta karɓe butar shayi daga hannun surukar gidan. A ƙasar nan kowa ya san rabin kofi ake zuba wa mutum, cikawa kuwa kora ce. Ta cika wa Burul-apa har baki, a cikin ɗakinta, gaban baƙinta.



"Baƙuwa ce, Apa, ba ta sani ba," in ji surukar.

"Na sani sarai," in ji Jildiz. "Kakata ta koya min tun ban fi tsayin butar nan ba."

Tsohuwar ta ajiye kofin ta ƙare mata kallo.

"Au, kin sani? Ja'ira marar kunya! Haka ake tarbiyya a Bishkek? Uwarki 'yar wace zuriya ce, in aika mata? Wa ma ya ce ki zauna nan sama cikin manya? Tashi ki ba ni wuri! Ga hanjin dokin da za a dafa can bakin rafi, ki je ki taya 'yan'uwanki wankewa!"

Ruwan rafin ya yi sanyin da yatsu ke ƙagewa, wari kuwa ba a magana. Matan suka matsa mata wuri ba tare da sun ɗago ba.

"Ke Jildiz, juya shi ake yi tukuna," in ji ɗaya. "'Yan birni dai ba ku iya komai ba."