Telan da Ya Riƙa Rage Wandonsa

Maganin basir muka yi ta ɗura wa Yayana, alhali kansar hanji ce take cinsa.

Shi tela ne, ni mai walda. Shagonsa yana kallon rumfata, titi ne kawai tsakaninmu. A layin teloli babu wanda jini a bayan gida yake tayar wa hankali. Cewa suke ciwon sana'a ne, wanda ya wuni a kan kujerar katako yana taka keke dole ƙasansa ya yi ƙorafi. Kowa da kwalbar jiƙonsa a ƙarƙashin tebur, kusa da man keke. Da Yaya ya ce mini yana ganin jini, ni da kaina na tsayar da mai maganin da ke yawo da lasifika na saya masa.

Abin da ya rufe mana ido wandonsa ne. Mutum idan yana ramewa, tufafinsa ne ke fara tona masa asiri. Yaya kuwa da zarar ya ji ƙugu ya saki, sai ya farke, ya ja alli, ya rage. Ba ɓoye mana yake yi ba. Hannunsa ne ba ya iya ganin ɗinki yana lilo ya ƙyale. Kullum kaya cif a jikinsa, har matarsa tana yi masa tsiya wai ya koma saurayi.

Yana da wani kwastoma da muke kira Darakta. Wata rana ana gwada shi, yake ba da labari cewa wurin aikinsu kan tura su asibiti ko lafiyarsu ƙalau. An zura masa kyamara a hanji, aka ga ɗan tsiro, aka cire, likita ya ce da an bar shi da ya zama kansa. Ya ce duk wanda ya fara manyanta ya je a duba shi. Yana fita teloli suka kwashe da dariya. Yaya ya cire tef daga wuya ya ce, "Ka ji masu abu, Dogo. Babu ciwon komai, ka ɗauki ƙafa ka je a leƙa ka ta baya." Dogo yake ce mini tun muna yara. Ni ma na yi dariyata.

Babbar 'yarsa ce kaɗai ba ta ga abin dariya ba. Tana makarantar gaba da sakandare, ita ce mai karatun gidanmu. Ta ce jinin da ya daɗe haka ba a barinsa ga kwalba. Yaya ya ce ranar asibiti rana ce da keke ba ya juyawa, ga ɗinkin mutane jibge, wa zai cika tukunya? Ta biyo ni rumfa ta ce, "Baffa, kai yake jin maganarka." Na ce mata mu da muka girme ta mun san basir tun ba a haife ta ba.

Ranar da ya yanke jiki a kan keke, ni na tsallaka titi na ɗauke shi. Ƙarfe nake ɗagawa kullum, na san nauyin abu. Babu kowa a cikin rigar nan.

Asibiti ya gajiyar da mu kafin ya gaya mana komai. Benci, layi, je ka ɗakin can, injin ya lalace, dawo wani mako. Da muka samu likita, yarinyar ce ke sauraro tana mayar mana da bayanin yadda za mu gane. Na ga tana tauna magana, sai na ce, "Likita, bar kwana-kwana. Zai tashi ko ba zai tashi ba?"

Ya ce abin ya kai hanta. Ya ce wannan ciwo idan aka kama shi da wuri mutane da yawa suna warkewa, amma irinmu sai ya ci ya ƙoshi muke zuwa. Ban ji haushinsa ba. Shi ma da ganin idonsa ya gaji da faɗin wannan maganar.

Aka yi aiki, aka fitar masa da hanji ta gefen ciki, aka manna leda. Aka fara ƙarin ruwan magani, muka sayar da keken, na sayar da janaretana, yarinyar ta ajiye karatu ta koma jinya. Kuɗin suka ƙare maganin bai kai rabi ba. Muka dawo da shi gida.

Darakta ya zo dubiya da 'ya'yan itace a leda. Mutumin kirki ne, ya zauna a bakin katifa ya daɗe. Shi da Yaya sa'o'in juna ne, ciwo iri ɗaya. Da ya fita Yaya ya tambaye ni ko an kai wa mutumin rigarsa da ta rage a shago, na ce an kai.

Bai kai watan gaba ba. Ya rasu bai cika hamsin ba, autansa ko aji ɗaya bai shiga ba.