Butar Shayi Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Ƙarfe tara na safe, ana yayyafi irin wanda ke jiƙa mutum bai sani ba, Desmond Pargeter ya ɗaga butar shayi mai lamba arba'in da ɗaya, ya ƙwanƙwasa ta da farce. Bai ji komai ba. Ya kai ta kusa da kunne ya sake. Shiru.

Shekara talatin ke nan shi ke duba tsohon tangaran a wannan gidan gwanjo na garin Ludlow, kuma da kunne aka san shi. Tangaran mai lafiya yakan amsa kamar 'yar ƙararrawa, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take. To, tun sanyin bara siraran sautuka suka fara guje masa, bai gaya wa kowa ba, ko matarsa. Butar ƙirar garin Worcester ce, fara mai shuɗin zane, ta haura shekara ɗari biyu. Ya riga ya rubuta a kundin gwanjo cewa ba ta da aibi, alhali da ido kawai ya duba ta. In aka sayar, mai saye ya gano tsaga, za a tambayi yadda aka yi. Ya kuwa san inda irin wannan tambaya ke kai mutum.

Ya sani don shi ma ya taɓa yin ta. Tsoho Tildesley ne ya koya masa aikin. Da idon tsohon ya yi rauni, wata rana ya yaba wani faranti da aka yi wa sabon fenti. Maimakon Desmond ya raɗa masa a kunne, sai ya faɗa a gaban masu saye. Wata bai cika ba tsohon ya ajiye aiki, bai sake taka zauren gwanjon ba har ya rasu.

"Yaron Baba, har yanzu ana yi wa kofuna kiɗa?"

Maureen ce, 'yar tsohon, dillaliyar tangaran. Ta zagayo ta hagunsa, ɓangaren da kunnensa ya fi ji, laimarta na ɗiga.

"Sau uku ina maka magana ta baya," in ji ta.

"Hankalina na kan aiki."

"Haka Baba ke cewa in ya taka kyanwa."

Ta karɓi butar ta ƙwanƙwasa. Ta juya ta, ta sake ƙwanƙwasawa wajen mariƙi. Sannan ta ciro 'yar tocila ta zura ciki, ta kare hasken ɗakin da gefen rigarta, ta daɗe tana kallo. Ta mayar da butar, fuskarta ba ta nuna komai ba.

"Yaya kika gan ta?"

"Ni aka ɗauka aikin ko kai?"

"Maureen, maganar Babanki, na daɗe ina so in..."

"Shekara talatin, Des. Wannan shayin ya huce."

Da ta wuce, ya kai butar bakin taga, amma sama ta yi duhu, bai ga komai ba. Kafin ya nemo fitila an buɗe ƙofa, jama'a sun cika zauren, an kwashe kayan zuwa gaba. Ya so ya je wajen Filippa, mai buga gudumar gwanjon, sai dai me zai ce mata? Ya tsaya can baya jikin bango, daidai inda ya tsaya ranar da ya tona asirin tsohon. Maureen na zaune a layi na biyu. In ta miƙe ta faɗa a gaban kowa, ai ba ta zalunce shi ba.

Aka zo lamba arba'in da ɗaya. Filippa ta ɗauki wata 'yar takarda a kan teburinta, ta karanta ta lasifika.

"Akwai gyara a kundi. Tsaga siririya kamar gashi a ƙarƙashin mariƙi. Mista Pargeter ne ya gano ta da safen nan."

Wani dillali mai jan hanci ya waiwayo ya ɗaga masa babban yatsa. "Kunnen nan naka ba ya tsufa, tsoho."

Butar ta tafi a rabin kuɗin da aka zata. Desmond ya san ba shi ya gano tsagar ba, kuma Maureen ce kaɗai ta leƙa cikin butar. Ita kuwa ko hannu ba ta ɗaga ta taya ba. Ta tashi tana ɓalla maɓallan rigarta, shi kuma ya riga ta isa ƙofa. Ya tsaya a gabanta.

Ta dube shi, ta zagayo ta hagunsa.

"Akwai asibitin kunne a garin Shrewsbury, ba mai ganinka a can," ta ce a hankali. "Matsa, ka tare mini hanya."

Ya matsa. Ta buɗe laimarta ta shiga yayyafin.