Takalmin Manjo Na Hagu

Shi dai Manjo bai taɓa faɗuwa a fagen fama ba, amma ya taɓa jefar da takalmi. Lokacin yaƙin basasa ne, yana ƙaramin hafsa, ya tsallakar da mutum tamanin wani kogi ba wanda ko ƙwarzane ya samu, sai takalminsa na hagu da laka ta haɗiye. Suna hawa tudu suka ci karo da Kanar, shugaban bataliyarsu, ya zo duba fareti. Kanar ya kalli ƙafar nan mai safa ɗaya, ya tambaya a gaban kowa ko soja ne wannan ko mai kamun kifi.

Yaƙi ya ƙare, girma ya zo, lambobi suka cika ƙirji, ritaya ta biyo baya. Duk da haka shekara arba'in maganar nan tana cin Manjo. Burinsa ɗaya, Kanar ya gan shi cikin cikakken kaki ko da sau ɗaya ne kafin ƙasa ta rufe ido.

To, ran nan sai ga saƙo, Kanar zai biyo gaisuwa da hantsi. Manjo ya sa aka sauko da akwatin ƙarfe daga saman kabad. Takalma suka sha mai, maɓallai suka sha guga. Matsalar wando ce, don Manjo na yanzu bai kai rabin na da ba, bel kuma ya ruɓe. Matarsa, wadda yake kira Sajan saboda ita ke ba da oda a gidan, ta kawo fil za ta maƙale masa. Ya ce ba a taɓa jin hafsa da fil ba, zai kumbura ciki ya riƙe abinsa.

Kanar ya shigo falo yana dogara sanda. Manjo ya buga ƙafa, ya ƙame, hannun dama a goshi, sandar hafsa a hammatar hagu. Dokarsu kuwa, ƙarami ba ya sauke hannu sai babba ya mayar masa. Abin da ba wanda ya faɗa wa Manjo shi ne ciwon yanar ido ya rufe wa Kanar gani. Tsoho ya lalubi kujera ya zauna, ya karɓi shayi, ya shiga ba labulen taga labarin ciwon gwiwarsa.

Manjo na tsaye. Numfashi ya fara ƙarewa, ciki ya soma sacewa, wando ya kama hanya a hankali. Sajan ta raɗa masa ya sauke hannun, ai bawan Allahn nan ba gani yake ba. Ya amsa ta gefen baki cewa doka ba ta san ciwon ido ba.

Da wando ya wuce gwiwa, Sajan ta ajiye faranti, ta juya wajen Kanar.

"Ranka ya daɗe, ga ƙuda nan a goshinka."

Kanar ya ɗaga hannun dama ya kai goshi. Manjo ya sauke nasa da ƙarfi har ya bugi cinya, sai dai an makara, wando ya riga ya isa ƙasa.

Ƙarar ce ta sanar da Kanar inda mai gidan yake. Ya miƙa sanda yana lalube, ya ƙwanƙwasa takalmin dama, ya ƙwanƙwasa na hagu, ya ɗan tsokani tulin yadin da ke kansu.

"Biyu ne, ashe ka samo shi," in ji Kanar. "Wandon dai ya yi maka tsawo. Ka canza tela."

"An gama, ranka ya daɗe."

Har yau duk baƙon da ya zauna a falon nan sai ya ji yadda Kanar ya duba Manjo ya same shi cif. Sajan ba ta musawa, takan dai tashi ta shiga kicin da sauri, kafaɗunta na rawa.