Basfar da Ba Ta Ɗaukar Kawu

A shekarar da gwamnati ta tuna cewa ma'aikatanta ma suna cin abinci, ta zuba musu ariyas ɗin ƙarin albashin Udoji, Malam Sada malamin gona ya yi abin da kowane mai hankali a ofishinsu na Kankiya ya yi: ya sayi Basfa. Shuɗiya ce, da madubi biyu, ɗaya na kallon hanya, ɗaya na kallon masu kallonsa.

Tafiyar farko Mawashi ya nufa, wajen Kawu Ɗanmaliki, yayan mahaifiyarsa. Shi ya riƙe Sada tun rasuwar ubansa, kuma shi ya kai shi makarantar Kusada da ƙafa, a lokacin da maƙwabta ke ɓoye 'ya'yansu cikin rumbu idan an zo ɗibar yara boko. Sada ya nuna masa fitila, ya danna masa ham, ya ɗaga kujera ya nuna masa inda ake zuba mai. Tsohon ya zagaya ta sau biyu.

"Shiga ka gaida mutanen gida," in ji shi. "Bar mani ita in yi mata addu'a."

Ranar kasuwar Kusada Kawu ya sa rigarsa ta Juma'a ya hau baya. Tafiya ta yi daɗi har suka iso hawan yashin nan da ke kafin gari. Sada ya murɗa mai sosai. Basfa ta yi tari, ta yi gurnani kamar an shaƙe rago, ta tsaya. Kawu ya sauka ya hau tudun da ƙafa. Yana sauka ta tashi, ta wuce shi fes da Sada a kai, a gaban masu jakuna da Fulani masu tallar nono.

Sau uku ana haka. Kafin na ukun, 'yan kasuwa sun riga sun gama binciken da makanikai ba su fara ba. Basfar Sada ta yi boko, in ji su, ba ta ɗaukar baƙauye. Wasu suka ce ba laifin ƙarfe ba ne, akwai wani ɗan maɓalli da yake taɓawa da gwiwa.

A karo na uku Kawu ya kakkaɓe rigarsa, ya dube shi.

"Sada, in kunyata kake ji, hwaɗa mani. Ƙafafun nan su suka kai ka makaranta, ba su taɓa mutuwa a hanya ba."

Tun daga ranar bai sake hawa ba, gaisuwar ma sai ta koma "lafiya lau" a taƙaice.

Sada ya shiga yawon makanikai. Na farko ya ce filogi ne, ya canza. Na biyu ya ce kafireta ce ta sha datti, ya wanke ta da fetur, ya hura ta da baki. Na uku ya ce baƙin man da ake haɗawa da fetur ya yi yawa har hayaƙi ya toshe salansa, ya kwance ta ya gasa a wutar kara kamar ƙafar saniya. Kowannensu in ya gama sai ya kafe Basfar a tsaye, ya murɗa, ta yi ruri har kajin unguwa su watse, ya ce, "Ka ji ta, Malam? Sabuwa!" Lallai a tsaye ba ta da na biyu. A wannan fanni ta yi kama da mutanen ofishinsu, waɗanda ba a gane ƙarfinsu sai ranar da babu aiki.

Daga ƙarshe aka tura shi wajen Kabo, wani ƙaton mutum a bayan tashar Kankiya, wanda ya fara da gyaran injin niƙa kafin babura su yi yawa. Kabo ya saurari labarin yana tauna goro.

"Da kaya take mutuwa?"

"Da mutum a baya, in an zo hawa."

"To su waɗancan wa suka ɗora mata, aljani? Tashe ta, Malam. In ta ɗauke ni, ta ɗauki kowa a ƙasar nan."

Suka fita bayan gari inda akwai tudu. Sada ya murɗa, Basfa ta shaƙe. Kabo ya sa shi ya maimaita har sau uku, yana karkata kunne wajen injin.

"Wagga ba mai take nema ba," ya ce. "Numfashi take nema."

A gindin wata bedi ya cire murfin gefe, ya buɗe matatar iska, ya same ta tsaf. Ya tsaya yana sosa ƙeya. Sai ya kwance robar da ke kawo iska daga ƙarƙashin kujera, ya zura yatsu biyu, ya jawo wani abu. Laya ce, ɗinkin jar fata, ta yi baƙi da mai da ƙura.

"Ga maɓallin naka," in ji Kabo. "Wani ya jefa ta ramin da ke ƙarƙashin kujera, ya ɗauka aljihu ne. In kana tafe kai kaɗai, tana kwance abinta. In ka buɗe mai duka, injin ya ja iska da ƙarfi, sai ta taso ta toshe maƙogwaro. Ka saki, ta koma ta kwanta. Wa ke sonka haka?"

Sada ya ƙura wa layar ido. Ya san ɗinkin. Irinta Kawu ya ɗaura masa a dantse ranar da zai tafi makarantar Midil.

Kabo ya dubi fuskarsa ya gane. "Malam, ka ce masa filogi ne. Filogi ba ya da dangi."

Amma Sada ya yi shekara goma sha huɗu ana koya masa cewa in aka yi wa mutum bayani dalla-dalla, zai fahimta. Shi kansa abin da ake biyansa ya yi wa manoma ke nan, duk da bai taɓa tsayawa ya duba ko sun fahimta ɗin ba.

Da kasuwa ta zagayo ya isa Mawashi da hantsi. Ya tarar da Kawu a ƙofar gida da sandarsa, zai kama hanya, maƙwabta biyu na jiransa. Sada ya durƙusa ya gaishe shi, ya fito da layar a tafin hannu, fuskarsa cike da murnar wanda aka wanke daga zargi. Ya yi bayanin iska, ya yi na maƙogwaro, har ya zana robar a ƙasa da tsinke. Bayanin ya fita sarai, babu wanda bai gane ba, har maƙwabtan.

Kawu ya karɓi layar, ya goge ta da bakin rigarsa ta Juma'a.

"Tsarin mi na yi maka, ashe," ya ce a hankali. "Da can mutane na cewa kai ke kunyata. Yanzu sai su ce ni ne ban san aljihu da maƙogwaro ba."

"Kawu, ba haka nake nufi ba. Hau mu tafi, yanzu ta warke."

"Na ji ta warke. An cire mata abin da ke damunta."

Ya sa layar a aljihu ya kama hanya. Sada ya tashi Basfar ya bi shi a hankali, yana roƙo, tsohon na gaba da sanda bai waiwaya ba. Da suka iso hawan yashin, masu jakuna suka ja gefe suna kallo. Basfa ta haye tudun ba tari ba gurnani, kujerar baya babu kowa.