Hannun Mompera

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari. Lakwal, wato makarantar boko, da na yi ba ta da yawa, kuma ni ko a gida ba mai magana ba ce. Ban da haka, har yanzu akwai abin da bai zauna mini a kai ba.

Sunana Zuliha. A Garagumsa aka haife ni, amma a Zango na girma, wurin Gwaggo Kaltuma, ƙanwar ubana, da mijinta Baba Mutari baduku. A shekarar da ake ta maganar Nasara za su tafi su bar mana ƙasa, na fara koyon ɗinki a gidan Madam Filomen. 'Yar Dahome ce, Kirista, mijinta yana aiki a gidan waya, kuma duk unguwarmu ita kaɗai ke da keken ɗinki. Gwaggo ba ta so ba tun farko, Baba ne ya ce a bar ni. Na iya kalmasa, na fara sa hannun riga. Ba abin da nake so kamar in ji ƙafata a kan keken nan.

Wata Asabar aka ce mompera, wato limamin Kirista, ya aro injin silima, za a nuna kyauta a fili bayan magariba. Aka kafa itace biyu, aka ɗaura farin ƙyalle. Ma'aikata da matansu suka hau benci, mazan unguwa suka zauna a ƙasa kusa da su. Mu mata ba mu cuɗanya da maza, sai muka zaga bayan ƙyallen muka shimfiɗa tabarmi, tun da hoton yana ratsowa ta can ma. Haka aka saba yi.

Mutanen cikin hoton Faransanci suke yi da sauri, nawa bai kamo su ba. Abin da na gane shi ne, ciwo ya shiga wani ƙauye a ƙasar sanyi, wani tsohon mompera yana bin gida gida yana duba marasa lafiya. Mata suka so shi. Har Gwaggo ta ce, "Bawan Allah, ko takalmin kirki ba shi da shi."

Sai aka nuna mutane sun durƙusa a jere, tsohon yana sa wa kowa ɗan guntun farin burodi a baki.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "La'ilaha! Da hagu?"

Na duba. Da hagu ne kuwa.

"Hannun da yake tsarki da shi!" in ji Shatu mai ƙosai. "Kuma dubi yadda suke buɗe baki kamar 'yan tsaki."

Daga nan ba wadda ta sake bin labarin, hannu kawai ake kallo. Ya shafa kan jariri, da hagu. Aka miƙo masa ƙwai, ya karɓa da hagu. Gwaggo ta mintsine ni a cinya. "Ashe gidan da kike yini ke nan."

Can ta aike ni in samo mata ruwa wurin mai tulu, yana gefen maza. Ina wuce itacen na waiwaya. Tsohon yana riƙe da ƙoƙo yana shayar da wata mata, da dama. Na ja da baya, hagu. Na matso, dama. Na yi ta yin haka, har wani ya daka mini tsawa: "Ke 'yar Mutari, rawa kika zo yi? Kin tare mu!" Na koma da gudu ba ruwan, ban kuma gaya wa kowa ba.

Da aka tashi Madam ta tarar da mu a hanya. Ta gaida Gwaggo, Gwaggo ta amsa a daƙile. Sai ta juyo wurina da Hausarta mai karkata.

"Zuliha, kin gani? Kowa a cikin hoton yana kallon sama kamar an mari shi. Ba mai dariya, ba yaron da ya yi kuka. Mu ba haka muke ba! A majami'armu tsofaffi gyangyaɗi suke yi."

"Amma Madam, idonki ya yi ja," na ce a hankali.

"Na yi kuka mana. Yana da kyau ƙwarai." Ta face hanci ta wuce.

Ban san wanne zan riƙe cikin maganganunta ba, ba haka suke ba, ko yana da kyau.

A gida, tun Baba bai gama wanke hannu ba Gwaggo ta ce, "Malam, yarinyar nan ta gama zuwa gidan 'yar Dahome. Mutanen da limaminsu ke ciyar da su da hagu, me za ta koyo a wurinsu?"

"Wane hagu? Da dama ya ba su. Ina gaba, na gani."

"Kai da zare ma sai Zuliha ta zura maka?"

"Ramin allura daban, hannun mutum kamar faifai daban. Ki tambayi duk mazan Zango."

"Kai kuma ka tambayi Shatu. Mu duka makafi ne?"

Suka yi ta yi, tuwo yana sanyi. Ni ina tunanin rigar da na bari a kan keke ba hannu ɗaya. Da ƙyar na buɗe baki.

"Baba, Gwaggo, duk kun gani. Na tsaya a bakin ƙyallen. Ta can dama ne, ta nan hagu."

Baba ya tuntsire da dariya. "Kin ji! Ku kuna baya, shi ya sa ya juye muku."

Gwaggo ba ta yi dariya ba. "Wa ya ce naku ne gaba? Ƙyalle ɗaya ne. Don maza sun zauna can, shi ke nan can ne gaskiya?"

"Injin yana wajenmu ai."

"Injin na wa? Nasu. Ba abin da suke so ku gani zai nuna muku ba? Wataƙila mu da muka zago muka ga ainihin."

Baba ya koma kan tuwonsa. Ni ma da na tsaya a wurin, sai na ji ban tabbata ba.

"Ba ta komawa sai na sani," in ji Gwaggo, ta kwashe kwanuka.

Washegari Lahadi. Na yi shara, na jira har ƙararrawar majami'a ta yi shiru aka taso. Na je na tsaya a ƙofar Madam, kaina a ƙasa, na gaya mata duka. Ta fara dariya, da ta ga fuskata sai ta daina. Ko kayan Lahadinta ba ta cire ba ta biyo ni.

Na shimfiɗa musu tabarma. Gwaggo ba ta yi kewaye ba.

"Madam, abin nan da limaminku ke sa muku a baki, da wane hannu yake ba ku?"

"Dama," in ji Madam. Sai ta ƙara da cewa, "Ina jin dama ne. Gaskiya, Kaltuma, ban taɓa gani ba. In na durƙusa, idona a rufe yake, ina roƙon Allah."

Gwaggo ta ce, "Duk shekarun nan?"

"Tun ina yarinya."

Gwaggo ta gyara ɗaurin kallabinta. "Ni dai da hagu na gani." Sai ta harare ni. "Ke kuma me kike tsaye kamar turmi? Gobe Litinin, ba aiki ke jiranki ba?"

Ban jira goben ba. Na shiga ɗaki na ɗauko almakashina, na bi bayan Madam.