Wajejen Tsauni

…to in wajejen ne ai ba ƙarya ba ce, Baiwa. Ki duba mana. Daga garinmu Rijiyar Kanya zuwa Tsauni, in mutum ya hau jaki da hantsi, kafin azahar yana shan ruwa a can. Wajejen Tsauni aka haife ni. Wa zai ce na yi ƙarya? Iyaka ce kawai ta ratsa tsakani, can Najeriya, nan Nijar, ita ma iyakar ban taɓa ganinta da idona ba sai igiya da durom biyu a kan kwalta…

Bencin gidan shari'ar nan ya ɗauki zafi. Tun ƙarfe takwas muke kai. Illa a damana yana gyangyaɗi, Falalu a haguna yana ɓare goro da farce. Shaiduna ke nan. Mutum biyu da za su shiga su ce sun san an haifi Sallau wanzami a Tsauni, cikin ƙasar nan. Illa fa — Illa da na girme shi da damina huɗu, shi zai shaida haihuwata. Da kina da rai da kin yi dariya har kin riƙe ciki. Ni na nemi dariyar ban same ta ba. Na nemi kunya, ita ma shiru. Ƙirjina kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kai, ka mintsina ba ka ji.

Don Hanifa ne. Kin san ba don kaina ba, ni me ya rage mini? Autarki tana son shiga konkur, jarrabawar ɗaukar masu koyon aikin ungozomar likita. Dosiye, tarin takardun da ake nema, ya cika, saura guda ɗaya, ta shaidar zama ƴar ƙasa. Nan Matamaye aka haife ta, a ɗakinki, ni na aske mata kai ran suna… wai bai isa ba. Wai sai in uwa ko uba, ɗaya, nan aka haife shi. Ke ƴar Rijiyar Kanya, ni ɗan Rijiyar Kanya. Ƙarshen wata za a rufe karɓa. An ce akwai hanya ta gaskiya: in rubuta neman zama ɗan ƙasa, a aika Yamai, in zauna jira. Jiran damina nawa? Ba wanda ya sani. Kafin ta fito yarinya ta girme wa konkur ɗin.

Ba ta roƙe ni ba. Da ma ta roƙa, da na samu abin yi wa faɗa. Ta ajiye mini fura ta ce, “Baba, in da nauyi a bari.” Shi ke nan. Halinki sak, ku sa mutum a kwana da ladabi.

Damina arba'in da ɗaya ina garin nan. Da damina nake ƙirga, kin sani — ɗayar kalmar, ta wata goma sha biyu, sunan Inna ce, ba ta fita bakina. Ke ma kin bar faɗinta tun ran da aka kawo ki. Har Mai Damina ake ce mini a kasuwa, ina amsawa. Rabin mazan da ke wucewa ta ƙofar nan ni na yi musu askin suna, ni na cire musu beli, ni na yi musu kaciya. Na san ɗakin da aka haifi kowa. Yau ga ni an zo kan nawa ɗakin ina kame-kame. Wanzami ba ya son jarfa, an daɗe da faɗa, ban taɓa zaton ni ake nufi ba.

Falalu ne ya nuna mini tasa takardar. Ya ce mu da aka haifa ba likita ba alƙalami, neber ake rubuta mana. Na ce mene ne neber? Ya ce Faransanci ne, an haife shi wajejen kaza. Wajejen… Tun ranar na ɗauki kalmar nan na sa a aljihu, ina shafa ta. Ashe gwamnati ma ta san akwai wajejen. Ban je wurin Malam Yunus, malamin unguwarmu, na tambaya ba. Wanda yake tsoron amsa ba ya zuwa gaban malam.

Wani ya fito, wani ya shiga. Matar can da goyo tana jijjiga shi. Ƙuda a kan yatsan Illa, bai ma sani ba.

Katina na Najeriya yana cikin zabira, tsakanin aska da ƙaho. Illa ya ce in bar shi gida, ko ma in sa shi a murhu, daga yau ba ni da abin yi da shi. Na ce to. Sai ga shi a cinyata. Me katin nan ya taɓa yi mini? Ko ƙuri'a ban taɓa jefawa da shi ba. Hoton ma ya koɗe, wani mutum ne mai baƙin gemu da ban cika sani ba. Amma na ɗora shi bakin murhu da safe, hannuna ya dawo da shi da kansa.

A majalisa an sha yin maganar nan a kaina, ina zaune ina wasa aska. Falalu yana ganin duk wanda ya ci geron ƙasa har ya yi furfura, ya haifi ƴaƴa a cikinta, ya binne matarsa a cikinta, to ya ajiye tsohuwar takarda ya ɗauki ta ƙasar, zama da ƙafa ɗaya a waje rainin masu gida ne. Na gyaɗa kai. Ƙanena Bashir kuma ya kira daga gida, yana huci a waya: Yaya, takarda za ka sayar da asali a kanta? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Shi ma na gyaɗa masa kai, ko da ba ya ganina. Duka biyun suna da gaskiya, kuma ba ɗayansu da ke da ƴa mai jiran ƙarshen wata.

Baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Wace irin raɓa ce take kwana arba'in da ɗaya — damina, ba kwana ba — rana ba ta shanye ta ba? Ko ta shanye ban lura ba?

“Mushe, mu ne na gaba?” Falalu ke tambayar wani mai farar riga. Mushe. Ran da na fara zuwa garin nan na ji yaran lakwal, makarantar boko, suna ce wa malaminsu mushe, na tsaya baki buɗe, mutum da ransa da lafiyarsa ana kiransa abin da ya mutu ba yanka. Na koma gida da Sallah na ba Inna labari, ta tofar da yawu. Ta ce ai ka gani, ƙasar da ake kiran rayayye mushe. Faransa take ce wa nan, har ta rasu. Sallau ya tafi Faransa. Sau nawa na roƙe ta ta zo ta ga ɗakinmu? Ko da kika haifi Hanifa, ga mota, ga hanya. Ta ce ƙafarta ba za ta taka Faransa ba, a kawo mata jaririyar. Kuma ba ta taka ba. Daga ɗakinta zuwa rijiya, daga rijiya zuwa gona, daga nan sai makwanci…

…bayan ɗakin, gindin zogale. Duk ran da zan dawo nan sai ta ja ni can, wai zo ka ga kazar da ta yi ƙwai. Ba kaza. Ta nuna ƙasa da babban yatsan ƙafa: nan aka binne mabiyiyarka. Ba ta ƙara komai. Da safiyar Sallah ƙarama, maza suna filin idi, ita kaɗai sai tsohuwar maƙwabciya, kafin a sauko na faɗo. Shi ya sa Sallau. Na san ranar, na san ɗakin, na san tabarmar ma, don ta daɗe ana shanya kuɓewa a kanta. Daminar ce kaɗai ban sani ba.

Hanifa tana bakin ƙofar waje, jikin dalbejiya. Na ce kar ta biyo mu. Ta rungume ledar takardunta a ƙirji, tana kallon ƙasa, wai ita ba ta gan ni ba. In ta ci, ita za ta riƙa rubuta wa jarirai wurin haihuwarsu, da rana, da awa. Ba za a ƙara yi wa kowa neber a hannunta ba. Wannan abu ne mai kyau, ko? Na san mai kyau ne. Sanin ne kawai bai sauko ƙirji ba.

An kira. Sallau Ɗahiru. Gwiwata ta yi ƙara. Illa ya farka yana goge baki.

Ɗakin da sanyi kaɗan. Magatakarda ne zai fara rubutawa kafin a kai mu gaban alƙali. Yaro ne mai hankali, ya miƙe ya ba ni kujera. Daga garin Tawa aka kawo shi wata uku da suka wuce, Falalu ya faɗa mini, ko hanyar mahauta bai gama sani ba. Shi ɗan ƙasa, ni baƙo. Bai san ni ba, abin da aka faɗa masa zai rubuta. Askinsa ba kyau, an ci masa gefe ɗaya… me ya kai idona can?

“Baba, ina aka haife ka?”

“Wajejen Tsauni.”

Alƙalamin ya tsaya. “Tsauni, ko wani ƙauye na kusa?”

“Wajejen dai. Neber.”

Murmushi yake, ba na raini ba. “Baba, neber na shekara ne. Wuri ba shi da wajejen. A wuri ɗaya ake haihuwar mutum.”

A wuri ɗaya. Haka ne. Yaron ya yi gaskiya, ko Malam Yunus iyakar abin da zai ce ke nan. Kwana tara ina shafa kalma a aljihu, ashe aljihun a huje yake. Abin da ban sani ba sun yarda in yi shakka a kansa. Abin da na sani kamar tafin hannuna, shi ne ba a… Falalu yana taka mini ƙafa. Ta taga ina hango gefen mayafin Hanifa, shuɗi, wanda kika bari.

Tsauni.

Wa ya faɗa? Muryata ce. Ta fita lafiya lau, ko rawa ba ta yi ba. Alƙalami ya ci gaba da tafiya. Rufin bai faɗo ba, Baiwa. Wata akuya tana kuka a waje, shi ke nan.

“Sunan mahaifiya?”

Na dubi Illa. Illa ya dubi Falalu. Shaidun haihuwata, ba wanda ya san sunan wadda ta haife ni. Ina za su sani? Ban taɓa faɗa ba. Yaron yana jira, bakin alƙalami a kan layi. Inna, nake so in ce. Inna ba ta shiga layi.

Shekara.

Haka kalmar take a baki ashe. Gajera. Tun da na yi wayo ina kewaye ta kamar rijiya marar murfi, yau na faɗe ta a gaban baƙo, a Faransa.

Yana karanta mini da Hausa, a hankali, don in ji ko da kuskure. Sallau, ɗan Ɗahiru da Shekara, an haife shi a Tsauni… Tsaya. Da Shekara, a Tsauni. Ni na ɗauka kaina kaɗai nake ɗagawa daga wancan gari zuwa wannan. Kaina ne, in kai shi inda na ga dama. Amma mutum ba ya haifar kansa. In a Tsauni na faɗo, to tana Tsauni. Da safiyar Sallah, da naƙuda, a garin da ba ta san kowa ba. A ɗakin wa? Wa zai dafa mata ruwan wanka? Matar da ta rantse, ta kuma cika rantsuwarta har kabari, ni zan ɗauko ta da cikin wata tara in tsallakar da ita…

“Akwai gyara, Baba?”

Ya turo tawada. Ya kama babban yatsana ya danna a ciki, da taushi, yadda nake kama kan jariri. Sanyi. Nan, Baba, ƙasan layin. Yatsan yana sama, baƙi ƙirin, ya yi nauyi. Mayafin shuɗi bai motsa daga jikin dalbejiya ba. Na gaji, Baiwa. Ban yi aikin komai ba yau, na gaji.

Inna… yi haƙuri. Tashi a hankali, ga jakin. Ba nisa, wallahi ba nisa. In mun fita yanzu, kafin azahar…