Dokar Ƙofar Mai Burodi

Mai burodi ya ja filo ya danne kunnensa. Kwana ya yi a bakin tanda, ga yaran gidan haya sun sake ɓarkewa da ihu a tsakar gida.

"'Ya'yan banza marasa kwaɓa," ya faɗa cikin filo.

Tun shigowarsa gidan ya kafa doka: duk yaron da ya taɓa masa ƙofa da rana, jikinsa zai gaya masa. Ba kurari ba ne, bulala na rataye a jikin ƙusa. Ko ɗansa Auta, da bai daɗe da fara gudu ba, ya san zafinta.

Ihun yau dai babu dariya a cikinsa. Ihun wasa hawa yake yana sauka, wannan kuwa a miƙe yake. Kunnensa ya ji bambancin sarai, amma barci ya fi daɗi. Ya juya wa ƙofa baya.

Sai da matar tela ta dawo daga kasuwa ta daki ƙofar da ƙafa.

"Fito, bawan Allah! Auta ya faɗa rijiya, uwarsa ba ta nan!"

Ya fito ba riga. Yaran na jere a bakin ƙofarsa, muryoyi sun dushe, hannun kowa a ƙirji. Ya tsallake su ya dira cikin rijiyar.

A asibiti likita bai ɓata lokaci ba. Ya ɗora hannu a ƙirjin yaron, ya ja zani ya rufe fuskar.

"Sai haƙuri, malam. Ya daɗe a ruwa."

Da yamma, bayan an kai Auta makwancinsa, mai burodi ya tarar da 'yar tela, babbar cikin yaran, raɓe a jikin bango.

"Ke, me ya hana ku buga ƙofa?"

"Kawu, kai ka ce kada mu taɓa."

"Sai kuka tsaya kuna ihu kamar mahaukata?"

Ta share majina da bayan hannu.

"Cewa muka yi in mun cika ihu za ka fito ka dake mu."

Ya shige ɗaki, ya bar ƙofar a hangame, ya kwanta yana kallon bulalar.

A tsakar gida yara na wucewa da sanɗa, takalma a hannu. Gidan ya yi tsit, yadda ya daɗe yana so.